Me ya hana a aro mana tsofaffin zanen Kano mu gani da idonmu?

Malam, tambayarka ta iso, bari in maimaita ta a gajarce saboda waɗanda ba su gani ba. Ka ce ka ji wai a ƙasashen waje manyan gidajen ajiye zane-zane suna ba ƙananan garuruwa aron tsofaffin zanen da aka yi na yankinsu, a kai a rataye, mutanen wurin su je su kalla, to mu me ya hana a aro mana zanen tsohuwar Kano a kafa a gidajen tarihinmu, Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, ka kwashi ɗalibanka ka kai su? Rowa ce masu kayan suke yi, ko kuɗi ne babu, ko kuwa mu ne ba mu tambaya ba?

Toh, ana yi kam, kuma mu ma za a iya yi mana. Amma abin da yake kashe maganar yawanci ba rowa ba ce, kuma ba kuɗi ne na farko ba. Ɗaki ne da takarda. Mai kaya so yake ya san irin ɗakin da za a rataye masa abinsa, sannan ya ga a rubuce cewa wanda zai karɓa ya saba riƙe amana ya mayar da ita yadda aka ba shi. Na daɗe ina aikin kula da kayan tarihi, musamman ɓangaren takarda da fenti, kuma duk maganar aron da na ga ta lalace a ɗayan wuraren nan biyu ta lalace.

Abin da ka ji ɗin gaskiya ne. A 2024, da babban gidan zane na ƙasa da ke Landan ya cika shekara 200, sun fitar da zane 12 cikin waɗanda suka fi ji da su, suka raba wa gidajen tarihi 12 a sassan Birtaniya, don wanda ba zai iya zuwa Landan ba ya gani a kusa da gida. Kuma kada ka ɗauka tsabar kirki ne kawai. Yawancin manyan gidajen nan abin da yake jikin bango kaɗan ne a kan abin da yake kwance a sito, su ma sun san zanen da yake kulle cikin duhu ba ya amfanar kowa, kuma duk shekara sai an tambaye su mutum nawa suka amfana da kayan da ake kashe wa kuɗin jama'a. Kaga kenan suna da dalilin ba da aro, ba sai an durƙusa musu ba.

Amma kafin mu je nan, wane zanen ma muke nufi in an ce na tsohuwar Kano? Domin a nan mutane da yawa suke ɗauka akwai wani ɗaki a Turai cike da manyan zanen fentin mai na Kano ana ɓoye mana, alhali abin ba haka yake ba.

Ɗauki wanda ya fi shahara, hoton Kano daga kan Dutsen Dala. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim a tafiyarsa, ya shigo Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya hau Dala ya zana garin yadda ya hango shi, ya kuma kwatanta shi a rubuce, gidajen ƙasa da bukkoki a cakuɗe, filayen kiwo a cikin ganuwa da dawaki da raƙuma da jakuna, kududdufai, bishiyar gwanda da dabino, har taswirar garin ya yi, ya kuma ƙiyasta mazaunansa kamar mutum 30,000. Sai dai hoton da kake gani yana yawo a waya yau ba hannun Barth ba ne kai tsaye. Wani mai zane a Jamus, Martin Bernatz, shi ya karɓi ɗan zanen da Barth ya yi a hanya ya gyara shi ya ƙawata, aka buga shi da bugun dutse cikin littafin tafiyar mai mujalladi 5 da ya fito tsakanin 1857 da 1858, kuma shi Bernatz ɗin ƙafarsa ba ta taɓa taka Kano ba. Wannan ya kamata a faɗa wa yara in an nuna musu, don su san ido biyu ne suka haɗu a hoton, na wanda ya gani da na wanda aka ba labari.

Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne, tunda bugu ne a littafi, ba guda ɗaya ba ne a duniya. Ɗakunan karatu da yawa suna da shi, an yi sikanin ɗinsa an sa a intanet, haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa. Ba ya bukatar jirgi ko inshora. Ko asalin shafin aka ce za a saya a wajen dillalan tsofaffin littattafai, kuɗinsa ba zai kai na ƙera akwatin da ake ɗauko zane ɗaya daga Turai a ciki ba. Ni abin yana damuna ƙwarai a ce yaro ya gama firamare a gindin Dala bai taɓa ganin hoton nan babba a bango ba.

Bayan zuwan Turawa a 1903 kuma sai aka samu wani iri, su joji da di'o da malaman makaranta da matansu, da yawansu suna zanen kalar ruwa don nishaɗi, ƙofofin gari, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, dalar gyaɗa, hawan da aka yi wa baƙi irin na 1925 da Yariman Ingila ya zo. Waɗannan a warwatse suke, wasu a ɗakunan karatu na jami'o'in Ingila cikin takardun tsofaffin ma'aikatan mulkin mallaka, wasu a hannun jikoki a akwati, wasu ma suna nan cikin garin nan an ba kakanninmu kyauta. Ƙanana ne, a kan takarda suke, kuma su ne suka fi kowane iri rauni.

Sai kuma na 'yan ƙasa. Tun da aka dawo da koyar da zane Zariya a 1955, ɗaliban da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, da sa'ansu Jimo Akolo, da na bayansu irin su Gani Odutokun da ya rasu a 1995, makarantar zane ta Zariya ta fitar da masu zane da yawa da suka zana Arewa, mahaya ranar sallah, makaɗa, 'yan dambe, masu tallan nono, 'yan kasuwa. Ayyukansu suna hukumar gidan zane ta ƙasa da aka kafa a 1993, suna sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, suna bankuna, suna gidajen masu kuɗi a Legas, akwai kuma gidan zanen Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019 a jami'ar Pan-Atlantic. Duk waɗannan a cikin Najeriya suke fa. Ba biza, ba kwastam.

Namu na gado kuwa ba a kan kyalle aka yi shi don a rataye ba. Yana kan allon zayyana da ake yi wa mai sauka, yana gefen shafukan Alƙur'ani rubutun hannu, yana kan riga inda malami yake fara zana aska takwas kafin a ɗinka, yana jikin soro da zaure inda magina suke fitar da dagi da sauran ado tun ƙasar tana ɗanya. A 1976 an yi babban nunin fasahar Hausawa a Landan wanda David Heathcote, malami a jami'ar Zariya, ya shirya, kuma irin waɗannan kaya ne suka cika shi. Shi bango ba a aronsa. Ranar da aka rushe soron aka zuba bulo, shi kenan, in ba a ɗauki hoto an auna ba ya tafi har abada, kuma duk wanda yake zaga cikin gari ya san yadda ake rushe su.

To yanzu maganar ɗaki, wadda ita ce zuciyar abin.

Manyan gidajen da suke ba da aro sun yi ittifaƙi a kan wani ma'auni: laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100, kada ta motsa fiye da kashi 10 cikin awa 24, zafi kuma tsakanin digiri 16 da 25. Yanzu ka dubi Kano. Da hunturu, Janairu da Fabrairu, laima tana faɗuwa ƙasa da kashi 20, ranar da leɓe yake tsagewa ƙofar katako ta ƙi zama daidai a gurbinta. A Agusta ta haura 70, wani lokacin ta fi haka. A Afrilu zafi ya wuce 40. Zanen fentin mai kuwa hawa-hawa ne, akwai katakon da aka ɗaure kyallen a kai, akwai kyallen, akwai gam ɗin da aka shafa masa, akwai farar shimfiɗa, sannan fenti, sannan banish, wato man ƙyalli, a sama, kuma kowanne da yadda yake shan laima. Katako da kyalle da gam suna kumbura in iska ta jiƙe su tsuke in ta bushe, shi kuwa tsohon fenti ya riga ya ƙandare ba ya iya binsu, sai ya fara tsagewa siriri-siriri, gefen tsagar ya ɗaga, wata rana a wayi gari a ga ɓarɓashi a ƙasan firem. Takarda ita kuma lanƙwashewa take yi, in laima ta daɗe sama da 65 zuwa 70 fumfuna ta kama ta.

Mutane sai su ce ai sai a sa esi. Wallahi esin da za a kunna da safe a kashe da yamma, ko a ɗauke wuta ya tsaya a kawo ya tashi, ya fi rashinsa illa, don shi zane ba zafin ne babban abokin gabarsa ba, hawa da saukar ne, yau sanyi anjima zafi, sau nawa a rana ɗaya. A nan ma ginin ƙasa irin namu yana da wata fa'ida da ba a cika yaba masa ba. Katanga mai kauri ta tubali ba ta barin ɗaki ya yi saurin canzawa, zafin rana sai ya daɗe kafin ya ratsa, ƙasar kuma tana shan laima tana saki a hankali. Matsalar ginin ƙasa daban ce, yoyo da damina in ba a yi yaɓe a kan lokaci ba, gara, ƙura, jemagu. Waɗannan kuwa duk abin da kulawa take magancewa ne.

Hanyar da ta dace da mu ba wai a sanyaya gini gaba ɗaya ba ce. A rufe zanen ne a cikin akwatin gilashi ko firem da iska ba ta shiga, a sa masa sinadarin nan mai shan laima, silika, irin ƙwayoyin da kake gani a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi, amma wanda aka daidaita shi ya riƙe laimar ciki a inda ake so. Ko wuta ta tafi kwana biyu cikin akwatin bai san an yi ba. Sannan a saka 'yar na'urar da take rubuta zafi da laima da kanta dare da rana, a bar ta a ɗakin shekara guda cur, hunturu da bazara da damina. Wannan rubutun shi ne abu na farko da mai ba da aro zai ce a turo masa. Na'urar ba ta da tsada, ba ta kai kuɗin waya mai kyau ba, amma ba a sayen shekara gudan nan da kuɗi, dole sai an fara an jira. Na ga inda aka zo da zumuɗi wata biyu kafin wani biki ana son a aro kaya, da aka ce ina bayanan ɗakin sai aka yi tsuru-tsuru, maganar ta tsaya a nan.

Sai haske. Ana auna shi da wani ma'auni, luks. Zanen kalar ruwa da duk abin da yake kan takarda luks 50 ake ba shi, fentin mai kamar 200, rana tsaka a waje kuwa tana kaiwa 100,000. Koɗewar kala taruwa take yi a hankali kuma ba ta dawowa, babu gwanin da zai mayar da ita. Shi ya sa zanen takarda wata 3 ake nuna shi a mayar da shi duhu ya huta shekaru. In ka shiga nuni ka ga ɗakin dishi-dishi kada ka ce rowar wuta ake yi, kuma in aka ce ba a ɗaukar hoto da filasha a yi haƙuri.

Takarda kuma ga yadda take tafiya. Shugaban gidan da yake so shi zai rubuta wa shugaban gidan da yake da kayan, ba a aika ɗan aike da baki, kuma tun da sauran wata 6 zuwa shekara, wasu ma fiye. Za a faɗi wane zane, don me, daga yaushe zuwa yaushe. Su kuma su turo fom mai tsawo a kan ginin: ƙofa nawa, wa yake riƙe mukulli, akwai mai gadi da dare, ina abin kashe gobara, yaushe aka duba wayarin ɗin wuta, ana cin abinci a ɗakin, taga tana kallon ina. In sun gamsu sai a zo kan rahoton lafiyar zanen, wanda shi ne aikin da na fi so. Za a kwantar da shi a tebur, a kashe fitilar sama, a haska tocila daga gefe kusan a kwance, nan take duk wata tsaga da ƙuraje da inda fenti ya ɗaga sai su fito da inuwarsu, abin da ido bai gani ba da. Kowane tabo a yi masa alama a jikin hoton zanen, mai bayarwa ya sa hannu, mai karɓa ya sa hannu. Ranar mayarwa a sake yin haka a gwada da na farko. Babu na rantse, babu ai da ma haka yake.

Zanen yana tafiya ne da ɗan rakiya daga gidan da ya fito, a akwatin da aka ƙera masa shi kaɗai, kuma in ya iso ba a buɗewa sai ya kwana, awa 24, don ya saba da iskar wurin a hankali. Inshora kuma tun daga ƙusar da aka cire shi har ya koma kanta. Tsakanin gidajen gwamnati sau da yawa ba a biyan kuɗin aron kansa, amma akwati da mota da jirgi da masaukin ɗan rakiya da inshora duk a wuyan mai karɓa suke. Inshorar nan ita ce mai nauyi, don da darajar zanen ake lissafa ta, kuma darajar zanen 'yan Najeriya ta tashi sosai, a 2018 an sayar da zanen Ben Enwonwu guda ɗaya a Landan fam miliyan 1.2. Sirrin da ya sa ƙananan garuruwan Birtaniya suke samun manyan kaya shi ne tun 1980 gwamnatinsu take tsaya musu, ta ce in abu ya lalace ita za ta biya, muddin ɗakin ya cika sharuɗɗa, sai ya zama ba sai sun sayi inshorar kasuwa ba. Gwamnatin jiha in ta ga dama za ta iya yin irin wannan tsayuwar ga gidajen tarihin da suke ƙarƙashinta, a ganina ma ya fi gina sabon katafaren gini amfani.

Duk wannan ba wulaƙanci ba ne. Kai ma wanda zai ba ka aron dokinsa ranar Hawan Daushe sai ya san turken da zai kwana da wanda zai ba shi ruwa, in kuma ka dawo da shi lafiya bana, baɗi ba sai ka yi dogon bayani ba.

Akwai ɓangaren da yake da zafi, na kayan da aka kwashe da ƙarfin bindiga. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan sun kai kayan zinariya da azurfa 32 na masarautar Asante zuwa gidan tarihin fadar Manhyia a Kumasi, a matsayin aro na shekara 3 da damar ƙara 3, saboda dokokin Birtaniya, irin ta 1963, sun hana gidajen bayarwa gaba ɗaya. Mutanen Ghana da yawa abin ya yi musu ciwo, a ara maka abin da aka ƙwace wa kakanka, kuma ina ganin suna da gaskiya. Jamus ita ta bi wata hanya a 2022, ta mayar wa Najeriya mallakar kayan tarihin masarautar Benin sama da 1,000, wasu suka ci gaba da zama a can amma yanzu mu ne masu ba da aron. Sai dai kada mu haɗa wannan da maganarmu. Zanen da Bature ya zauna a gindin Ƙofar Nasarawa ya yi da hannunsa da fentinsa nasa ne, ba ganima ba ce, neman aronsa babu ƙasƙanci a ciki, kuma jikokinsa sau da yawa murna za su yi a ce Kanawa suna son gani.

Ni dai ra'ayina, kuma na daɗe a kansa, a daina fara hangen Turai. A fara da Zariya da Kaduna da Abuja, inda mota za ta kai ta dawo, a aro zane biyar ko shida na wata biyu, a mayar lafiya da takardu cikakku, baɗi a ƙara. Gidan Makama yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979, wato tsakaninsa da sauran gidajen hukumar ma maganar cikin gida ce. Gidan Ɗan Hausa kuma na jiha ne. Bayan 'yan shekaru fayil ya yi kauri, shi ne za a nuna wa na waje.

Kafin ma Zariya, akwai abin da yake cikin gidajenmu. An taɓa kirana wani gida a cikin gari in duba wani zanen kalar ruwa na ɗaya daga ƙofofin gari, wai wani Bature ne ya ba kakansu lokacin yana aikin En'e. Yana rataye a falo yana fuskantar taga tun kafin a haifi mai gidan. Da na juya shi, gara ta cinye kwalin baya ta bar hanyoyinta na ƙasa, an taɓa liƙe wata yaga da salatif ya bar tabo ruwan ƙasa da ya ratso har gaba, ga ɗigo-ɗigon fumfuna a sararin sama. Amma da na ɗaga firem ɗin, ɗan siririn gefen da katako ya rufe duk shekarun nan, sama tana nan shuɗiya shar, rigar wani mai jaki ja ce sosai, alhali a tsakiya duk sun koma fari-fari. Mai gidan ya daɗe yana kallon gefen nan bai ce komai ba. Kuma ƙofar da ke jikin zanen yanzu ta siminti ce, siffarta ta da sai a irin wannan takarda.

Irin waɗannan suna nan da yawa, da tsofaffin hotuna, da allunan zayyana, da takardun ajami masu ado. Abin da yake hana mutane fitowa da su tsoro ne, kada a ba hukuma abu ya shige ba fita, kuma ba za ka ce musu tsoron banza ba ne. Maganinsa shi ne a yi wa mai gidan Kano daidai abin da za a yi wa gidan zanen Landan, rasit mai hoton abin, ranar karɓa da ranar mayarwa, rahoton lafiyarsa da sa hannun ɓangare biyu, sunan gidan a takardar bayani in suna so, in ba sa so a sakaya. Kuma a mayar a ranar da aka ce, ko da nunin yana tashe. Gida ɗaya aka cika wa alkawari unguwa za ta ji. Mai abin da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 ya sani kuma, dokar 1979 tana kallonsa a matsayin kayan tarihi, ba a fitar da shi waje ko a yi cinikinsa sai ta hannun hukuma, don haka dillalin da zai zo da daloli a ɓoye a yi hattara da shi.

Na san wani zai kawo maganar hukuncin zanen mai rai. Wannan fagen malamai ne, a tambaye su tun ana shiri ba sai an buɗe ba. Amma mafi yawan abin da muke magana a kai gari ne da ganuwa da kasuwa da gini da zayyana. Shi kuma Alƙur'ani in za a nuna shi, a ɗaga shi sama a wuri mai tsabta, mai taɓa shi ya kasance da alwala, kuma a riƙa juya shafin lokaci-lokaci don kada haske ya ci shafi ɗaya.

Kai kuma Malam ga abin da yake hannunka tun wannan zangon. Ka sauke hoton Barth mai kyau daga intanet, ka kai wajen masu buga fosta su fitar maka da shi babba, ka nemi izinin hedimasta da iyaye ka hau Dala da yaran da sassafe kafin rana ta yi zafi. Su riƙe hoton su dubi garin, su nemo abin da ya rage da abin da ya ɓace, ina filayen kiwon, ina kududdufan, ina ganuwar ta bi, sannan kowa ya zana abin da yake gani yau ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Bayan nan ku rubuta wa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa wasiƙa da hatimin makaranta, ku ce kun yi kaza, kuna son ganin tsofaffin zane da hotunan Kano da suke da su, kuna kuma roƙon a nemo aron wasu daga Zariya. Irin wasiƙun nan ma'aikacin gidan tarihi yake sawa a fayil in zai je neman kuɗi a sama, don su ne shaidar cewa akwai masu son gani, in makarantu goma suka rubuta ya fi ƙarfi.

In kuma yaran suka ce akwai irinsa a gidansu, don Allah ka ce kada a kawo makaranta a jaka, a ɗauki hotonsa da waya ya isa. A gaya wa iyaye a cire shi daga bangon da rana take duka ko wanda yake jiƙewa da damina, a nisanta shi da kicin da hayaƙin turaren wuta, kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kada a liƙe shi da salatif. Babban abin da nake roƙo kuma kada a kai shi a yi masa laminetin, mutane suna yi da kyakkyawar niyya, amma zafin injin da gam ɗin robar suna shiga cikin takardar, kuma cire shi ba tare da an yi ɓarna ba abu ne mai matuƙar wahala. A sa shi a kwance tsakanin farar takarda biyu mai tsabta, a cikin akwati, a ɗage shi sama ba a kan daɓe ba, a riƙa dubawa farkon damina da ƙarshenta saboda gara.